A Binne Shi a Legas ko a Kai Shi Gida?

Wayar takan zo ne da tsakar dare ko da asubar fari. Wani ɗan uwanmu ya cika a asibiti, ko a ɗakin da suke kwana su shida a Agege, ko mota ta buge shi a bakin titi wajen Mile 12. Kafin a gama salati, kafin ma a rufe masa ido a ɗaure masa haɓa, sai wayar ɗaya daga cikin waɗanda ke tsaye a kansa ta fara ƙara. Yayansa ne daga gida, ko kawunsa, murya na rawa: "Ku kawo mana shi." Daga wannan kalma ake shiga shawarar da na ga ta ƙulla zumunci, na kuma ga ta tsinka shi.

Shekaru da dama ke nan ina cikin masu tsayawa idan an yi rashi a unguwarmu. Na yi wa gawa wanka, na ɗauki makara, na yini a kan benci a ƙofar mutuware ina jiran sa hannun likita, na kuma raka gawa a mota har Arewa. Ba zan ɓoye inda na karkata ba. Ga mafi yawan mutanenmu da ajali ke riska a Ikko, binnewa a nan ta fi alheri ga mamacin da waɗanda ya bari. Amma akwai gidajen da kai gawa gida ne daidai a gare su, kuma uwar da ta ce a kawo mata ɗanta ƙauna ce ta sa ta faɗa, bai kamata kowa ya yi mata tsawa ba. Abin da nake so kawai shi ne mai yanke shawara ya san abin da kowace hanya za ta ci, na lokaci da na kuɗi da na mutuncin gawa, kafin ya amsa wa mutanen gida.

A kan addini ake fara ja-in-ja, don haka mu fara da shi. Asali dai gaggawa ce. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Buhari da Muslim umarni ne a fili cewa a gaggauta da jana'iza. Bayan yaƙin Uhudu wasu sun ɗauki gawawwakin 'yan uwansu za su kai cikin Madina, Manzon Allah (SAW) ya sa aka mayar da su aka binne a inda suka faɗi. Nana A'isha ma, da ɗan uwanta Abdurrahman ya rasu a wajen Makka aka ɗauko shi aka kawo cikin gari, ta ce da tana wurin da ba a binne shi ba sai a inda ya cika. A ɗaya ɓangaren kuma, Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sa'ad bin Abi Waƙƙas da Sa'id bin Zaid sun rasu a Aƙiƙ, aka ɗauke su zuwa Madina aka binne su a can. Shi ya sa malaman Malikiyya, waɗanda a kan karatunsu yawancinmu muka taso, suka halatta ɗaukar gawa zuwa wani gari idan akwai maslaha, kamar kusantar da ita ga danginta, da sharaɗin kada ta canja kuma kada a keta mata alfarma a hanya. To, Aƙiƙ kwari ne a gefen Madina, tafiyar da ba ta kai yini ba. Legas zuwa Kano kuwa kusan kilomita 1,000 ce, zuwa Maiduguri ta haura 1,500. Wannan sharaɗi na kada gawa ta canja, a kansa duk maganar take tsaye.

Masu cewa Legas ba gida ba ce sukan manta tun yaushe ake binne Bahaushe a wannan ƙasa. Tun 1863 Baturen da ke riƙe da Legas, John Glover, ya ɗauki Hausawa aikin soja, kuma tarihin Obalende a haɗe yake da zaman sojojin nan da iyalansu. Layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, fataken goro da na shanu suka raya Zangon Agege. A Idi-Araba da Agege akwai tsofaffin da kakanninsu ma a nan aka haife su, a nan aka binne su. Wanda aka sa a ƙasar Legas yau yana da maƙwabta na jininsa da na addininsa.

Idan an zaɓi binnewa a nan, aikin na jama'a ne, kuma jama'a sun san shi. Ana sanar da liman da shugabannin unguwa ko na sana'ar mamacin, mahauta ne ko 'yan gwari ko 'yan canji ko masu gadi. Makara tana masallaci. Wani ya tafi sayo alawayyo da kafur da turare, idan an samu garin magarya a haɗa da shi. Namiji ƙyalle uku, mace biyar. Mata su wanke mace, maza su wanke namiji, kuma a kowace unguwar Hausawa akwai dattawa maza da mata da aka sani da wannan aiki, ba sa neman komai sai lada. Samari biyu ko uku su riga kowa zuwa maƙabarta, su biya kuɗin wuri, su tsaya a kan masu haƙa don a daidaita alƙibla. Wanda ya rasu da dare, in takardu ba su riƙe shi ba, kafin azahar ko jim kaɗan bayanta yana makwancinsa. Wanda ya cika da hantsi, akan yi ƙoƙarin sallar sa da la'asar. Babban abokin gaba a nan shi ne gosulo, don haka mai hankali yakan zaɓi maƙabartar da ta fi kusa ko da wata ta fi ta kyau.

Kuɗin da ake kashewa sanannu ne: abin da asibiti ke bi, likkafani, kuɗin kabari da na masu haƙa, sai motar da za ta ɗauki makara. Karo-karon da aka yi a ƙofar masallaci da cikin kasuwa yakan ɗauke wannan nauyi, sau da yawa har a samu ragowa.

Sai dai binnewa a Legas tana da nata ciwon, kuma rashin gaskiya ne in ɓoye shi. A ƙauyukanmu maƙabarta ta kowa ce, ba a sayen kushewa. A nan ƙasa tsada gare ta, matattu ma suna gogayya da rayayyu a kanta. Tsofaffin maƙabartun gwamnati irin su Atan da ke Yaba, wadda ake binne mutane a cikinta tun 1868, da ta Ikoyi, sun daɗe da cika ko sun kusa. A irin waɗannan wurare kabari iri biyu ne: na wucin gadi, wanda bayan wasu shekaru akan sake buɗe wurin a sa wani, da na dindindin wanda ake ginawa da siminti, kuɗinsa kuma ya ninka na farko nesa ba kusa ba. Mutanenmu da yawa ba su san wannan ba sai ranar da ɗan mamaci ya girma ya zo ziyara aka rasa inda za a nuna masa. Kafin a sa diga a ƙasa, a tambayi masu kula da wurin ƙarara: wannan kabari na shekara nawa ne? A karɓi rasit, a rubuta layi da lambar wurin, a ajiye. Maƙabartar Musulmi ta Agege da makamantanta, inda jama'armu ke da hannu a kula da su, sun fi kwantar mana da hankali, domin masu haƙa sun san tsarinmu ba sai an koya musu ba. Akwai kuma maƙabartu na 'yan kasuwa masu shinge da masu gadi, kamar Vaults and Gardens a Ikoyi inda aka binne tsohon gwamna Alhaji Lateef Jakande a watan Fabrairun 2021, amma wannan sai mai hali sosai.

Ga kuma ruwa. Ƙasar Legas rairayi ce a wurare da yawa, ruwa kuma yana kusa da sama. Da damina za a iya haƙa kabari a ga ruwa yana tsattsafowa tun ba a kai ƙugu ba. Lahadu, wato ramin da ake rarakewa a gefen alƙibla, ba ya tsayawa a irin wannan ƙasa, rushewa yake yi. Shaƙƙu ake yi, a tsaga tsakiya, a rufe da katako ko fale-falen siminti maimakon itace da tukwanen da muka saba da su a gida. Shari'a ta yarda da duka biyun, amma wanda bai taɓa gani ba zuciyarsa takan sosu, musamman idan ya ga ana kwashe ruwa da bokiti kafin a saukar da ɗan uwansa.

Yanzu mu hau hanya. Mota ita ce abin da yawancin masu cewa a kai gida suke nufi. Daga Legas sai Ibadan, Oyo, Ogbomoso, Ilori, a haye kogin Kwara a Jebba, a isa Mokwa. Daga nan hanya ta rabu: mutanen Sakkwato da Kebbi su bi ta Kontagora da Yawuri, mutanen Kano da Katsina da Jigawa su nufi Kaduna, kuma shekarun nan direbobi da yawa sun guje wa Birnin Gwari saboda 'yan bindiga, suna zagayawa ta Bida da Minna, ko ma tun farko su bi ta Lokoja da Abuja. Kowane zagaye ƙarin sa'o'i ne. Tafiyar da ake lissafin yini da ɗan dare takan koma kwana da yini idan tirela ta faɗi ta tare hanya, ko mota ta lalace a dajin da babu makaniki. Ambaliyar da ta auka wa Mokwa a ƙarshen watan Mayun 2025 ta nuna yadda wannan hanya guda take iya yankewa a dare ɗaya. Duk wannan lokaci gawa tana bayan mota, cikin zafin da kowa ya sani.

Hanya biyu ake bi don kare ta. Ko dai a jera ƙanƙara a kewaye ta, ana saye ana ƙarawa a garuruwan da aka ratsa, ko a yi mata allurar hana ruɓewa kafin a tashi. Ƙanƙara narkewa take yi, ta jiƙa likkafani, kuma ba ta hana ciki kumbura idan tafiya ta yi tsawo. Allura kuwa sai an tsaga jiki an ɗura sinadarin fomalin ta jijiya, jiki ya sandare, launi ya sauya, warin maganin ya kama ɗaki. Malamai da yawa ba sa son ta sai bisa larura, suna kafa hujja da hadisin da ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Na taɓa raka gawar wani matashi wadda muka ƙi yi wa allura muka dogara da ƙanƙara. Mota ta tsaya mana bayan Mokwa, muka kwana a nan. Da muka isa garinsu, mahaifiyar da aka yi duk wannan wahala don ta ga fuskar ɗanta, dattawan gidan da kansu suka hana a buɗe mata. Daga mota aka wuce da shi wurin salla. Har yau idan na tuna kukanta a soro jikina yakan mutu.

Sannan ga shingaye. 'Yan sanda, sojoji, kwastan, 'yan sintiri, kowa yana da ikon ya ce a buɗe ya gani, kuma yana da dalili, tunda miyagu sun sha fakewa da motar gawa. Wanda ya fita ba tare da takardar shaidar mutuwa daga likita ba, da rahoton 'yan sanda in mutuwar ta haɗari ce, ya jawo wa kansa da gawar wulaƙanci. Kuɗin mota kuma na zuwa da dawowa ake biya, domin direba fanko zai komo. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan kuɗi ya zama abin da ƙaramin ɗan ci-rani ba ya tara shi a watanni. A ƙara da abincin 'yan rakiya, da kuɗin motarsu ta komowa, da kwanakin da suka bar sana'arsu. Kada a manta su ma rayuka ne aka ɗora a kan hanyar da ke cin mutane, da direban da bai runtsa ba.

Jirgin sama ya kawar da yawancin wannan. Legas zuwa Kano kamar awa ɗaya da rabi ce. Da jirgi aka kai Sir Abubakar Tafawa Balewa Bauchi a watan Janairun 1966, da jirgi aka kai Janar Murtala Muhammad Kano bayan an kashe shi a Legas ranar 13 ga Fabrairun 1976. Mutane sukan kawo waɗannan misalai, amma su hukuma ce ta ɗauki nauyinsu. Kai da za ka bi jirgin 'yan kasuwa, gawarka a matsayin kaya za a karɓe ta, ta sashen kaya, a auna nauyinta. Kamfanonin jirgi suna neman takardar shaidar mutuwa, da takardar da ke nuna an yi allura, da akwati rufaffe wanda ba ya yoyo. Ma'ana allurar nan da ake gudu ta zama dole. Haɗa takardu da neman gurbi a jirgi kan ci yini guda ko fiye, kuma ba kowane jirgi ne ke ɗaukar gawa ba. In an sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, wanda garinsu ke Gumel ko Ɗanbatta ko Malumfashi sai ya sake neman mota. Duk da haka, in har an ƙudura sai an kai gida kuma akwai hali, ni jirgi nake ba da shawara. Ya fi mota kiyaye mutuncin mamaci, ya fi ta kiyaye rayukan masu rakiya.

A nan ne kamfanonin jana'iza suke shigowa, kuma mutanenmu sun kasu biyu a kansu: masu ƙyamar su gaba ɗaya, da masu miƙa musu komai saboda ruɗewa. Legas tana da su manya, irin su Ebony da TOS da MIC, ga kuma masu ƙera akwatin gawa da suka yi suna a titin Odunlami cikin tsibiri. An gina sana'arsu ne a kan irin jana'izar da ake shirya ta makonni ko watanni: ajiyar gawa a ɗakin sanyi, allura, yi mata ado da sutura, akwati mai tsada, motoci a jere, masu ɗaukar akwati cikin kaya iri ɗaya, 'yan badujala, furanni, zauren taro. Ga 'yan uwanmu Hausawa Kirista, na Kudancin Kaduna ko Filato ko Bauchi ko Kano, waɗanda sukan jira dangi su hallara kafin a kai mamaci ƙauye, wannan tsari yana biya musu buƙata, sai dai su ma su nemi a rubuta musu farashin kowane abu daban, don kuɗin ajiya kullum ake lissafa shi kuma yana taruwa shiru.

Musulmi kuwa abu uku kawai yake buƙata daga wurinsu, kuma za a iya sayen kowanne shi kaɗai: mota mai kyau da direban da ya san hanya, ɗakin sanyi na dare ɗaya idan takardu sun hana binnewa, sai sanin hanyar takardu da ma'amala da sashen kaya na filin jirgi, wanda a gaskiya sun fi mu iyawa. Wanka da likkafani da salla kada a bar wa kowa, namu ne, farilla ce a kan al'umma. In gawar mace ce, a faɗa tun a bakin ƙofa cewa mata ne za su taɓa ta, a kuma zo da matan. Abu mafi muhimmanci, wanda rashin saninsa ya sa mutane da yawa kuka: a mutuware da dama, na asibiti da na kamfani, allura ce abin farko da ake yi wa gawa da zarar an karɓe ta, ba tare da an tambayi kowa ba, domin haka aka saba. Duk wanda ya kai gawar Musulmi ajiya ya faɗa da bakinsa, ya sa a rubuta, cewa sanyi kawai ake so, gobe za a ɗauka. In ya samu hali ya bar mutum ɗaya a wurin.

Akwai mutuwar da ba ta barin kowa ya yi zaɓi da wuri. Dokar binciken musabbabin mutuwa ta Jihar Legas ta 2007 ta ce mutuwar farat ɗaya da ba a san dalilinta ba, da ta haɗari, da ta kisa, da wadda ta faru a hannun hukuma, sai an sanar, kuma mai binciken yana da ikon ya sa likita ya duba gawar kafin a sake ta. Mutanenmu da yawa suna sana'o'in da ke kan titi, acaba da dako da tura baro da sayar da ruwa, don haka wannan doka tana yawan faɗo mana. Faɗa da ma'aikatan asibiti ba ya fitar da gawa. Abin da ke fitar da ita shi ne dattijo mai haƙuri wanda ya san ofisoshi, da wasiƙa daga shugabannin al'umma, da ɗan uwa na jini da zai sa hannu. Idan gawa ta riga ta yi kwana uku ko huɗu a irin wannan jira, ƙara mata kwana biyu a hanya zalunci ne. A sallace ta a nan.

Haka kuma a sani, tun 2013 Legas tana da dokar da ta ba da damar ƙona gawawwakin da aka rasa masu su, ban da binne su da ake yi a rami guda. Yaron da ya zo ci-rani ba shi da katin shaida, wayarsa a kulle, ba wanda ya san sunan ƙauyensu, shi ne ke cikin wannan haɗari. Duk mai yara a ƙarƙashinsa, a kasuwa ko a gareji ko a wurin gadi, ya rubuta cikakken sunan kowa da garinsu da lambar wani nasa. In aka kwana biyu ba a ga mutum ba, a fara dubawa daga asibitoci da mutuware na kusa, kada a zauna ana cewa wataƙila ya tafi gida.

To wa ya kamata ya kai gida? A ganina, wanda ya cika a asibiti da takardunsa a hannu, iyalinsa duka suna Arewa, akwai kuɗin jirgi ba tare da an ci bashi ko an taɓa abin marayu ba, kuma za a iya sallar sa a garinsu cikin yini guda ko washegari. Haka wanda ya bar wasiyya a kan hakan kuma cika ta ba zai cutar da gawarsa ba. Haka mai jinyar da likitoci suka ce sai addu'a: in yana so ya cika a gaban iyayensa kuma jikinsa zai ɗauki tafiya, a kai shi da ransa. Wannan ita ce kai gida da ta fi kowace amfani, kuma ita muka fi sakaci da ita. Amma ɗan ci-ranin da za a yi wa karo-karo a kasuwa kafin a samu kuɗin mota, wanda ya bar mata da 'ya'ya ƙanana da tsohuwa a ƙauye, kuɗin da za a ƙona a mai ya isa ya cika musu rumbu ya biya bashinsa. Annabi (SAW) ya ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa.

Kafin a yanke, a daidaita maganar salla. A mazhabar Malikiyya ba a son maimaita sallar jana'iza idan an riga an yi ta cikin jam'i, don haka in za a tafi da gawa a bar sallar sai can. In an binne a nan, wasu a gida sukan so su yi sallar ga'ib, wato sallar jana'iza ba gawa a gabansu, wadda Shafi'iyya da Hambaliyya suka yarda da ita bisa sallar da Annabi (SAW) ya yi wa Najjashi, Malikiyya kuma ba su tafi a kai ba. Wannan a bar wa limamin garinsu, kada mu da ke Legas mu mayar da shi abin gardama a waya.

Yadda ake gaya wa mutanen gida shi ne rabin aikin. Kada yaro ya kira uwa kai tsaye. A nemi babba a garin, kawu ko liman ko mai unguwa, a yi masa bayani dalla-dalla: ga lokacin da ya cika, ga halin da gawa take ciki, ga abin da hanya za ta ci, ga abin da za a iya aiko wa iyali in an binne a nan. Shi zai taka da ƙafarsa ya shiga gidan. A ce masa, "Baba, shawara taku ce, mu masu bi ne, amma ga abin da idonmu ya gani." Mafi yawan dattawa in aka ba su girmansu aka gaya musu gaskiya, da kansu suke cewa a rufa masa asiri a nan. Kuma don Allah a riƙe hannun samari. Na ga matar da ta san mutuwar mijinta ta hoton gawarsa da wani ya ɗora a Facebook tun ba a kai ga wanka ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta ne ake gane waɗanda suka zo don Allah. Idan iyalin mamaci a Legas suke, maƙwabta ne za su dafa musu, kamar yadda Annabi (SAW) ya ce a yi wa iyalan Ja'afar abinci lokacin da labarin shahadarsa a Mu'uta ya iso. Bai dace a bar gidan da aka yi rashi suna cin bashi don ciyar da masu ta'aziyya ba. Kwana uku na zaman makoki sukan wuce da cikar jama'a, daga nan ƙafa ta ɗauke. Ita kuwa matar takaba ce a gabanta, wata huɗu da kwana goma, ko har ta haihu in tana da ciki, a ɗakin haya a garin da mai gida ba ya jiran kowa. Wani ya je ya ga mai gidan, a san yaushe kuɗin haya zai ƙare. A san kuɗin makarantar yara na zangon da ake ciki. Matan unguwa su raba kwanaki a tsakaninsu, kada a wayi gari ta yini ita kaɗai da bango.

Dukiyarsa kuma a bi ta da rubutu, a gaban shaidu. Ɗan kasuwarmu yakan riƙe ajiyar mutane, yana cikin adashi, yana bin wasu, wasu na bin sa, kuma rabin wannan a kansa yake ko a wayarsa. A yi shela a wurin jana'iza, a buɗe littafi, a ba da kwanaki. Kada a yar da layin wayarsa, domin asusunsa na banki da na OPay ko Moniepoint a jikinsa suke. A yi rijistar mutuwar a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a karɓi takarda, saboda banki ba ya sakin kuɗi don kawai an rubuta sunanka a matsayin makusanci, sai an kawo takardar izinin kula da gado daga kotu. In mamacin ma'aikacin kamfani ne mai tsarin fansho, dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai aiki ya yi wa ma'aikatansa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Iyalai da yawa ba su taɓa jin wannan ba, suna karɓar ɗan abin ta'aziyya su yi godiya su tafi.

Sannan a tashi mutum biyu su tafi gida, ɗaya babba, ɗaya abokinsa na kusa wanda ya ga cikawarsa. Su tafi da jakarsa da tufafinsa, da littafin bashi, da ragowar karo-karo, da takardar da aka rubuta sunan maƙabarta da lambar kabari. Za a shimfiɗa musu tabarma a zaure, daga baya a ce su shigo ciki su gaida tsohuwa. Bayan "ya haƙuri" da "Allah ya jiƙansa", za ta yi shiru, sannan ta tambaya ko ya yi kalmar shahada, wa ya yi masa wanka, ya kuwa samu mutane. Wanda aka aika ya tafi da amsoshin nan a shirye: abin da ya faɗa na ƙarshe, sunan dattijon da ya wanke shi, limamin da ya ja salla, da sahu nawa aka yi.